Tambayi Likitan Dabbobi: Macizaina biyu sun mutu a kwanciyar hunturu, ko ƙwarzane babu a jikinsu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Na san wasu masu karanta wannan fili za su ce mai kiwon maciji shi ya jawo wa kansa, amma don Allah a saurare ni. Shekara shida ke nan ina kiwon macijin masara, irin wanda ba shi da dafi, a ƙasar da hunturunta ke zuwa da dusar ƙanƙara. Bana na so su yi ƙwai, sai na sa huɗu daga cikinsu a kwanciyar hunturu kamar yadda masu kiwo suke yi. Na yanke musu abinci na kwana tara, na kashe musu ɗumi, na sa kowanne a robarsa da kwanon ruwa, na jera su a wani ƙaramin firji da na saita a digiri 12. A mako na bakwai na buɗe na tarar babbar macen ta mutu. Ita ce ta fi kowa ƙiba, giram 640, kuma ba ta taɓa ƙin ɓera ba. Bayan kwana goma sha ɗaya namijin da na sayo a watan Satumba ya bi ta. Ba rauni, ba kumburi, ba wari. Macen tana firiza, namijin na binne shi. Sauran biyun suna cikin firjin har yanzu. Me ya kashe su? In fito da sauran ne? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya mayar maka da alheri. Zan fara da ƙarshen wasiƙarka, don shi ne ba ya jira. E, ka fito da su, yau ba gobe ba. Sai dai kada ka ɗauko maciji daga digiri 12 ka dire shi kan shimfiɗar ɗumi kai tsaye. Ka bar su kwana biyu ko uku a ɗaki mai ɗan sanyi-sanyi, wajen digiri 18 zuwa 20 a ma'aunin salshiyas, sannan ka riƙa ƙara ɗumin kaɗan-kaɗan har ɓangaren zafi na akwatinsu ya kai 28 zuwa 29 cikin mako guda. Ruwa mai tsabta tun daga ranar farko. Abinci kuwa sai sun yi mako guda cur a cikakken ɗumi, kuma ƙaramin ɓera, wanda bai kai wanda suka saba ba. Ka raba su, kowa da akwatinsa, da kwanonsa, da abin kama masa abinci. Ka ɗora kowanne a sikeli ka rubuta. Wanda ka ji yana fito idan ya ja numfashi, ko ya ɗaga kai sama baki a buɗe, ko ka ga kumfa a bakinsa, wannan ba ya jiran mako, a wuce da shi wurin likita. Ƙwan bana kuma ka haƙura da shi.

Masu cewa kai ka jawo wa kanka, bar su. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ma gudu yake yi, ban ga laifinsu ba. Amma dabbar da mutum ya yi shekara shida yana ciyarwa yana share mata makwanci, ko me aka kira ta, mutuwarta da ciwo.

Ga masu karatun da abin ya zo musu baƙo: maciji ba ya samar wa jikinsa ɗumi kamar mu, daga waje yake samu. Macizan ƙasashen sanyi idan kaka ta wuce sai su shige rami ko kogon dutse su lafe har bazara. Masana suna kiran wannan burumeshan, kalmar da wani masanin dabbobi ɗan Amurka, Wilbur Mayhew, ya ƙirƙiro a 1965 lokacin da yake nazarin wani ƙadangaren hamada mai ƙaho, ya samo ta daga kalmar Latin mai nufin tsakiyar hunturu. Ya ware mata suna ne don ta bambanta da dogon barcin da wasu dabbobi masu shayarwa ke yi. Macijin da ke wannan kwanciya ba barci yake yi ba, likimo ne. Yana motsawa, yana zuwa ya sha ruwa, in ka taɓa shi zai zaro harshe a hankali kamar mai jin ƙiwa. Bugun zuciya ya ragu, numfashi ya yi nisa da juna, narkar da abinci ya tsaya cak. Garkuwar jiki ma ta kwanta tare da shi, kuma nan ne duk maganar take.

A iya zamana da wannan aiki, yawancin abin da masu kiwo ke kira mutuwar da ba a gano dalilinta ba, mutuwa ce da ba a buɗe ciki an duba ba. Ruwa ba ya tsami banza. Maciji gwani ne wajen ɓoye ciwo. Ba ya kuka, ba ya ɗingishi, ba shi da fatar ido balle ka ga ya lumshe, fuskar da yake da ita ran lafiya ita yake da ita ran ajali. Sai ya shiga sanyi da cutar da jikinsa ke danne wa watanni, sanyin ya kwance wa garkuwar jiki ɗamara, cutar ta ci karenta babu babbaka. Mai shi kuwa fatar waje kawai yake gani, sumul. A wasiƙarka na ga wurare uku da suka tsaya min a rai.

Na farko, kwana tara ɗin nan. Ya yi kaɗan, musamman ga babbar mace mai cin babban ɓera. Abin da aka saba shi ne mako biyu zuwa uku ba abinci, kuma a cikakken ɗumi, har sai ka ga ta yi kashi na ƙarshe da idonka, sannan a soma rage zafi a hankali cikin mako ɗaya ko biyu. Ka ce ka kashe musu ɗumi, amma ba ka faɗa min ko a rana ta tara ka kashe ba ko tun ranar farko. In tun farko ne, to kwanakin ma ba su ƙirgu ba, don hanjin maciji a ɗaki mai sanyi ba aiki yake ba.

Bari in gaya maka abin da ake gani a irin wannan. An taɓa kawo min wata macijiya da ta mutu a mako na biyar, mai ita yana rantsuwa cewa lafiyarta ƙalau. Ita ma ba komai a fatarta. Na kwantar da ita rigingine na tsaga daga ƙasan wuya na gangara. Ina isa tsakiyar jiki wari ya buge ni har ta cikin takunkumi. Tumbin ya kumbura da iska, bangonsa ya yi ja-ja-wur da duhu, a ciki ga dunƙulen gashi da rabin ƙoƙon kan ɓera, haƙoran gaba suna nan rawaya. Sanyi ya tsayar da ruwan narkar da abinci, amma bai tsayar da ƙwayoyin bakteriya ba, illa dai ya rage musu sauri. Suka yi ta ruɓar da naman a hankali har guba ta ratsa bangon hanji ta shiga jini. Mutumin ya daɗe tsaye yana kallon haƙoran nan, daga baya ya ce shi ya ba ta ɓeran kwana shida kafin ya sanyaya ta, don yana tausayin kada ta kwana wata uku da yunwa.

Na biyu, firjin. Ka ce ka saita shi a 12. Lambar da ka saita da sanyin da ke cikin robar abu biyu ne daban, kuma wannan darasi da kaina na biya kuɗinsa. Shekarun baya na sa nawa macizan guda uku a irin wannan firji, ma'aunin zafi a maƙale jikin ƙofa, kullum in leƙa in ga 11 ko 12 in koma hankali kwance. Wata safiya na tarar na benen ƙasa, wanda robarsa ta jingina da bangon baya, ya sandare. Da na janyo robar sai na ga ruwan kwanonsa ya yi 'yar fatar ƙanƙara a gefen da ke kallon bango. Na ajiye ma'auni a daidai gurbin na kwana guda, irin mai riƙe lamba mafi ƙasa da mafi sama, da safe ya nuna min digiri 1. A ƙofa kuwa 11 ɗinta tana nan ba ta motsa ba. Bangon baya shi ne inda sanyin ke fitowa, iska mai sanyi kuma ƙasa take sauka. Ni da nake yi wa mutane wa'azi a kan wannan, ma'auni ɗaya na dogara da shi.

Macijin masara ɗan kudu maso gabashin Amurka ne, inda hunturu bai cika tsanani ba. Digiri 10 zuwa 13 na wata biyu zuwa uku ya ishe shi, in aka gangara ƙasa da 5 an shiga haɗari. Sama ma da nata matsalar, kuma ita mutane suka fi rainawa. Macijin da aka bari a 17 ko 19 tsawon watanni ya rasa tudun dafawa: jikinsa bai lafa sosai ba, yana ta ƙona kitse da ruwan jiki, garkuwarsa kuma ba ta samu ɗumin da za ta yi aiki ba, bakteriya kuwa wannan yanayi ya yi musu daidai. Firjin da ke hawa da sauka, ko wanda wuta ta ɗauke masa na kwana guda ba ka gida, yana iya jefa su nan. Don haka kafin ka kashe firjin, ka sa ma'auni mai riƙe lamba a gurbin da macen take, ka sa a gurbin namijin, kwana uku-uku. Ka tuna wa ke ƙasa, wa ke jikin bango. Wannan binciken ba ya cin komai sai haƙuri, kuma yana iya ba ka amsar gaba ɗaya.

Tunda muna cikin firjin: ƙofarsa a toshe take ruf, ana so a buɗe ta kowace rana ko bayan kwana biyu iska ta sauya. Wani firjin busar da iska yake yi har kwano ya ƙafe, maciji ya bushe, gishirin fitsarinsa ya taru a ƙoda ya lalata ta. Wani kuma gumi yake tarawa, ko kwano ya kife shimfiɗa ta jiƙe, maciji ya yi makonni kwance a danshi mai sanyi, ƙurajen fatar ciki da funfuna da ciwon huhu su biyo baya. Dusar katakon itacen sida (cedar) mai ƙamshi, in aka yi musu shimfiɗa da ita, guba ce gare su. Masu ajiyewa a gareji kuma su tuna da hayaƙin mota da warin fenti.

Na uku shi ne ya fi damuna: namijin watan Satumba. Ka sayo shi, kafin ya cika wata uku a hannunka ka sa shi a sanyi, a rufaffen wuri ɗaya da sauran. Sabon maciji ana killace shi ne aƙalla kwana 90 a wani ɗaki dabam, wasu har wata shida, a kai kashinsa a auna, kuma ni ba na sanyaya macijin da bai yi shekara guda a hannuna ba. Ba ka san abin da ya ci ba, ba ka san da wa ya zauna ba. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Cryptosporidium serpentis da ke addabar macijin masara da danginsa. Tana kama bangon tumbi ta kaurara shi, maciji ya riƙa dawo da ɓera kwana biyu ko uku bayan ya haɗiye, yana ramewa, wani lokaci tsakiyar jikinsa ya yi tauri. Amma wani macijin yana ɗauke da ita shekara da shekaru ba alama, yana zubar da ita a kashi jefi-jefi, shi ya sa gwaji ɗaya da ya fito ba komai ba ya wanke shi. Ba ta da maganin da ke raba maciji da ita gaba ɗaya, bilic ma ba ya kashe ta, sai tururin ruwan zafi ko sinadarin amoniya. Ga tsutsar ciki, ga 'yan mitsi-mitsin baƙaƙen ƙwarin nan masu shan jini da ke ɓuya a ƙarƙashin ɓawon fata da gefen ido. Ga kuma ciwon huhu. Yawancin macizai huhu ɗaya ne ke musu aiki, na dama, dogo kamar safa, kuma ba su da tsokar da ke raba ƙirji da ciki, don haka ba sa iya tari. Majinar da ta taru a ciki sai dai ta zauna. A sanyi, da numfashi ya yi ƙasa, ba za ka ji ko ɗan fito ba har ta cika.

Ita kuma macen, kada ƙibarta ta zama maka hujjar lafiya. Giram 640 ga macijiyar masara ba ƙaramin nauyi ba ne, sai in doguwa ce sosai. Idan fatar da ke tsakanin ɓawo tana bayyana ko ba ta ci komai ba, ko jikinta ya yi kauri har gindin wutsiya sannan ya tsuke farat ɗaya, kitse ne ya yi yawa. Irin waɗannan idan aka buɗe su akan tarar hanta ta yi fari-fari ta yi laushi, ta cika da mai. Hanta irin wannan tana lallaɓawa a kwanakin ɗumi da ƙoshi, dogon azumi a sanyi kuwa yakan fi ƙarfinta. Macijin da ba ya ƙin abinci shi mai kiwo ya fi lalatawa, don ciyar da shi daɗi ne da shi.

Idan ka matsa min in faɗi inda zargina ya karkata: ga macen, ragowar abinci a ciki haɗe da hanta mai kitse, ga namijin, cutar da ya zo da ita, firjin kuma ina tuhumarsa a kan duka biyun har sai ma'auni ya wanke shi. Biyu cikin huɗu a kwana goma sha ɗaya ya wuce a ce tsautsayi.

Gaskiya ne ko a daji kwanciyar hunturu tana cin rayuka. A Narsis da ke lardin Manitoba na Kanada, dubun-dubatar wasu siraran macizai masu jan ratsi a gefe suna taruwa a kogunan farar ƙasa, can ƙasa da inda ƙanƙara ke iya kaiwa, su fito a ƙarshen Afrilu da watan Mayu, mutane na zuwa kallo. A 1999 mummunan yanayi ya hallaka dubun-dubata daga cikinsu. Waɗannan fa su ne gwanayen sanyi, har daskarewar 'yan sa'o'i suna iya jurewa. Na kawo wannan ne don masu cewa ai ɗabi'arsu ce, don haka ba haɗari. Ɗabi'a ce da ke tace masu rauni kowace shekara, kuma a daji ba mai ƙirga waɗanda ba su fito ba.

Yanzu gawar da ke firiza. Da ka tambaye ni tun farko da na ce kada ka daskarar da ita. Ƙanƙara tana farfasa naman ciki, yankan da za a duba a madubin likita ya lalace. Daidai shi ne a sa gawa a leda biyu a ɗaure, a ajiye a ɓangaren sanyi na firji, nesa da abin da mutane za su ci saboda ƙwayar cutar salmonela mai kama mutane, a kai wa likita cikin kwana ɗaya, in ya yi yawa biyu. Duk da haka kada ka jefar da ita. Kai ta a daskare yadda take. Za a ga ko akwai abinci a tumbi, a ga kalar hanta, a ga farin gishiri a ƙoda, a ga ko akwai ƙwan da ya maƙale, kuma gwajin gano ƙwayar cuta ta hanyar ƙwayar halittarta yana yiwuwa ko a naman da ya daskare. Ka haɗa da ɗanyen kashin farko da biyun nan za su yi. In ka binne wannan ma ba a duba ba, an kashe maciji ba a sare kansa ba, don ba ka san abin da ke jiran sauran ba.

Wani abu da ba na so in tsallake, ko da zai sosa maka rai: macijin da ya yi sanyi sosai yana iya kama da matacce, jiki saɓule, ba motsi, ba numfashin da ido zai gani. Kafin a yanke cewa ya mutu, a bar shi ya ɗumama a hankali na wasu sa'o'i a ɗaki, in da hali likita ya nemi bugun zuciya da na'ura. Firiza ba ta ba da damar gyara kuskure.

Baɗi fa? Ra'ayina, kuma na san wasu masu kiwo za su yi min ca: macijin da ake ajiye da shi don sha'awa kawai ba ya buƙatar wannan kwanciya, zai yi shekara goma sha biyar zuwa ashirin lafiya lau ba tare da ita ba. Macijin masara ma sau da yawa yana hayayyafa ba a sanyaya shi ba. In ka ga dole sai ka yi, to baligai kawai, masu lafiya, waɗanda aka auna kashinsu, ba wanda ke shirin saɓa, ba wanda ya yi amai a watannin baya. Ka gwada firjin wofi na mako biyu da ma'auni a kowane bene, ka janye robobi daga bango. Ka auna nauyin kowa ranar shiga, ka sake duk bayan mako biyu. Mai lafiya kaɗan yake raguwa. Wanda ya doshi asarar kashi 10 cikin 100, ko fatarsa ta yi yamushi, a fito da shi. Ka rubuto min abin da ma'aunin ya nuna a gurbin macen, ina son in sani.

TAMBAYA: Likita, 'yar ƙaramar mesata, irin mai dunƙulewa kamar ƙwallo, ta ƙi cin abinci tun shigowar sanyi, wata biyu ke nan. Wata ƙawata ta ce kwanciyar hunturu take so, in kashe mata ɗumi in kai ta ɗaki mai sanyi. In yi? Daga wata mai karatu.

AMSA: A'a Malama, kada ki soma. Wannan mesa 'yar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ce, kakanninta ba su taɓa ganin hunturun ƙanƙara ba, jikinta bai san wannan kwanciya ba. Digiri 12 da macijin masara ke lafewa a ciki, ita ciwon huhu zai sa mata. Ƙin abinci na wata biyu ko uku a wannan lokaci kuwa halinsu ne, musamman manya. Ki bar mata ɓangaren zafi a 31 zuwa 32, ɓangaren sanyi kada ya sauka ƙasa da 25, ki duba da ma'auni ko da daddare, ki tabbata tana da maɓoya mai matse jiki a kowane ɓangare. Ki auna nauyinta yau, ki miƙa mata abinci duk bayan mako biyu da dare, in ta ƙi ki ɗauke ba tare da takura mata ba. Idan nauyin ya soma zubewa, ko ƙashin bayanta ya fito kamar tsinin rufi, ko kika ga yauƙi a bakinta, ki kai ta asibitin dabbobi a cikin jakar yadi, da kwalbar ruwan ɗumi naɗe da tawul a gefenta saboda sanyin hanya.